Taba da dashen haƙori: ɓarnar da ke gudana ƙarƙashin dasashin da ba ya jini

Kafin likitan haƙori ya huda muƙamuƙin mutum ya ɗaura masa ƙarfen dashe, akwai tambayar da ba ya tsallakewa: kana shan taba? Kara nawa a rana, kuma shekara nawa ke nan? Mutane da yawa suna ɗaukar tambayar a matsayin cike takarda kawai, ko kuma nasihar da likitoci suka saba yi wa kowa. Wasu ma sukan rage adadin saboda kunya. Alhali amsar tana cikin abubuwan da suka fi nuna ko dashen zai kama tun farko, da kuma ko zai kai shekara goma ana tauna da shi. Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne taba tana yin ɓarna iri biyu a lokuta biyu mabambanta, sannan ta toshe alamar da ya kamata ta tona asirin ɓarnar.

Sai an san yadda dashe yake zama a baki kafin a gane inda taba ke shiga. Dashen haƙori wani ɗan sukuru ne, galibi na ƙarfen titaniyam, da ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi a gurbin saiwar haƙorin da ya fita, daga baya a ɗora masa kan haƙori. A ranar tiyata, matsewar sukurun cikin ramin ce kaɗai ke riƙe da shi. Riƙon gaskiya yana zuwa ne daga baya, lokacin da sabon ƙashi ya tsiro ya manne da fuskar ƙarfen kai tsaye, ba tare da wata tsoka a tsakani ba. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya lura da wannan a shekarar 1952. Ba haƙori yake nazari ba a lokacin. Gudanar jini cikin ƙashi yake bincike, ya saka wasu ƙananan na'urorin titaniyam a ƙafafun zomaye domin ya riƙa leƙa yadda jini ke yawo, da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya haɗe da ƙarfen, ya ƙi fita. A 1965 ya yi wa majiyyacinsa na farko dashen titaniyam, kuma dashen ya zauna a bakin mutumin har rasuwarsa a 2006. Tushen fasahar ke nan, binciken jini a cikin ƙashi, kuma jinin shi ne abu na farko da hayaƙin taba ke taɓawa.

Ga abin da ke faruwa bayan an ɗaura sukurun. Cikin mintuna jini yake cika ɗan sararin da ke tsakanin ƙarfe da ƙashi ya daskare. Wannan daskararren jini shi ne gadar da ƙwayoyin gyara ke bi su isa fuskar ƙarfen. Fararen ƙwayoyin jini su zo su share wurin, ƙananan hanyoyin jini su tsiro su ratsa shi, sannan ƙwayoyin da ke gina ƙashi su fara shimfiɗa sabo mai laushi, wanda a hankali yake ƙarfafa. A daidai wannan lokaci wasu ƙwayoyin, masu narkar da ƙashi, suna cinye tsohon ƙashin da hudar ta raunata. Shi ya sa akwai wani ɗan tsakani, wajen mako na uku zuwa na huɗu, da dashe ya fi kowane lokaci rauni: matsewar farko ta fara saki, sabon ƙashin kuma bai gama kamawa ba. Tsarin da Brånemark ya kafa shi ne a bar dashen ya huta kamar wata uku a muƙamuƙin ƙasa, wata shida a na sama, kafin a ɗora masa nauyi. Yau an rage wannan jira a lokuta da dama, amma aikin da jiki ke yi a ciki bai canja ba. Kowane mataki nasa yana cin iskar oksijin, kuma jini ne ke kawo ta.

Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, amma biyu sun isa su bayyana rabin matsalar. Nikotin yana sa ƙananan hanyoyin jini su tsuke, jinin da ke isa wurin rauni ya ragu. Iskar kabon monoksaid kuma tana kama jajayen ƙwayoyin jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 ko fiye, ta mamaye gurbin da oksijin zai hau. Ke nan jinin da ke zuwa ya yi kaɗan, wanda ya iso ɗin ma bai ɗauko cikakken kaya ba. Sauran sinadaran suna nasu aikin. Suna rage kuzarin ƙwayoyin da ke gina ƙashi, suna karkata ma'aunin jiki zuwa ga masu narkar da shi, suna raunana ƙwayoyin da ke saƙa zaren da ke haɗe rauni, suna kuma dagula fararen ƙwayoyin jini ta yadda ba sa isa wurin cuta da sauri, in sun isa ba sa kashe bakteriya yadda ya kamata. A kan wannan akwai illa ta kai tsaye: zafin hayaƙi a kan ɗanyen ɗinki, da zuƙar da ke iya fizge daskararren jinin daga wurinsa.

Wannan ba abin da ya tsaya ga baki ba ne. Likitocin ƙashi sun daɗe da sanin cewa karayar mai shan taba ta fi daɗewa ba ta haɗe ba, kuma tiyatar haɗe ƙasusuwan baya ta fi lalacewa a jikinsa. Bambancin baki shi ne raunin yana daidai ƙofar da hayaƙin ke shiga.

Idan wannan ɓarna ta yi nasara, sakamakon yana fitowa da wuri. Maimakon ƙashi ya manne da ƙarfen, sai wata tsoka mai laushi ta kewaye shi. Ranar da likita ya zo ɗora kan haƙori sai ya ji sukurun yana juyawa. Babu gyara a nan, sai cirewa, a jira wurin ya warke, a sake daga farko idan ƙashin da ya rage ya isa.

Binciken da ya fara jawo hankalin likitoci sosai shi ne na Crawford Bain da Peter Moy a 1993. Sun duba dashe 2,194 a bakin mutum 540, suka tarar kashi 11.28 cikin 100 ya lalace a wurin masu shan taba, kashi 4.76 kuma a wurin waɗanda ba sa sha. Giɓin ya fi faɗi a muƙamuƙin sama. Shekara 22 bayan nan, a 2015, Bruno Chrcanovic da Tomas Albrektsson da Ann Wennerberg suka tattara sakamakon bincike sama da ɗari, wanda ya ƙunshi dashe kusan 80,000. Nasu alƙaluman: kashi 6.35 ya faɗi a masu shan taba, kashi 3.18 a waɗanda ba sa sha. Fasaha ta ci gaba, faɗuwa ta ragu a ɓangarorin biyu, amma ninkin yana nan, kusan biyu.

Ana iya karanta waɗannan alƙaluma ta fuska biyu, kuma duka biyun gaskiya ne. Mai shan taba zai iya cewa, to ai sama da kashi 90 na dashen irinmu yana zaune. Haka ne, kuma saboda haka ban yarda da masu cewa a hana kowane mashayi dashe ɗungurungum ba. Sai dai lissafin na kowane sukuru ɗaya ne. Wanda za a ɗaura wa shida domin su ɗauki haƙoran sama gaba ɗaya ya shiga haɗarin sau shida, kuma faɗuwar dashe takan taru a bakin mutum ɗaya, domin jini ɗaya ne ke ciyar da su duka. Sannan kalmar "yana zaune" a irin wannan bincike tana nufin ba a cire shi ba tukuna. Ba ta faɗi nawa ne ƙashin da ya zaizaye a gefensa ba.

Dalilin da ya sa muƙamuƙin sama ya fi shan wahala ba ɓoyayye ba ne. Ƙashinsa ya fi na ƙasa laushi, musamman wajen turame, don haka matsewar farko ba ta kai ta ƙasa ba, dashen ya fi dogara ga sabon ƙashin da jiki zai gina. Hayaƙi kuma yana bugun ganɗa da dasashin sama kai tsaye, alhali harshe yana ɗan kare na ƙasa. A can baya akwai kogon iska da ke saman turame, wanda sau da yawa sai an ɗaga shimfiɗarsa an ƙara ƙashi kafin dashe ya sami wurin zama. Ƙashin da aka ƙara ba shi da hanyar jini tasa, sai ya jira jiki ya miƙo masa. Duk aikin da ya ƙunshi ƙarin ƙashi, a nan taba ta fi yin ta'adi: ɗinki ya buɗe, abin da aka saka ya bayyana, ƙwayoyin cuta su shiga, wani ɓangare ya narke.

Wannan ita ce ɓarna ta farko, mai sauri, wadda ake gani. Ta biyu ta fi wuyar kamawa, kuma a kanta nake so in daɗe.

Haƙori na asali ba a manne yake da ƙashi ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin akwai wata siririyar jijiya mai zaruruwa, kaurinta bai kai rabin milimita ba, wadda ke rataye da haƙorin cikin raminsa. Tana da hanyoyin jininta, tana da jijiyoyin ji, tana da ƙwayoyin gyara a ajiye. Zaruruwan dasashi kuma suna nutsewa cikin fuskar saiwar su kulle ta. Dashe ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Binciken da Tord Berglundh da Jan Lindhe da abokan aikinsu suka yi a Suwidin a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa zaruruwan naman da ke kewaye da dashe ba sa shiga ƙarfen, kwanciya suke yi a gefensa, kuma hanyoyin jinin wurin ba su kai na gefen haƙori yawa ba. Haƙori kamar bishiya ne mai saiwa da ke shan ruwa ta ko'ina, dashe kuwa turke ne da aka kafa: yana da ƙarfi, amma ba ya ciyar da ƙasar da ke riƙe da shi. Ma'ana, tun kafin a kunna sigari ko ɗaya, naman da ke gadin dashe yana da ƙarancin jini. Taba tana ragewa ne daga abin da dama bai wadata ba.

Cutar da ke kama gefen dashe mataki biyu ce. Na farko kumburin dasashi ne kawai: dauɗar bakteriya ta taru a wuyan dashen, naman ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini idan an taɓa, amma ƙashi lafiya lau. Wannan yana warkewa idan an tsaftace wurin. Idan aka bari sai ya gangara zuwa mataki na biyu, inda ƙashin da ke riƙe da dashen ya fara narkewa, rami ya buɗe a kewayensa, wani lokaci da mugunya. Jan Derks da Cristiano Tomasi sun tattara bincike a 2015 suka kiyasta cewa kusan kashi 43 na masu dashe suna da matakin farko, kusan kashi 22 kuma suna da na biyu. Wani binciken Derks ya nuna cewa zaizayar takan fara ne cikin shekara uku na farko da soma amfani da dashen, kuma ba tafiya ɗaya take yi ba, tana ƙara gudu yayin da take zurfi.

Babbar alamar da likita da mai dashe suka dogara da ita wajen kama cutar tun tana matakin da ake iya juya ta ita ce jini. Jini a buroshi, ko jini lokacin da likita ya zura siririn ma'auninsa a gefen dashen. To a nan taba take yin abin da ya fi komai haɗari. Dasashin wanda ya daɗe yana shan taba ba ya amsa kumburi yadda na sauran mutane ke yi. Jan Bergström na cibiyar Karolinska da ke Suwidin da wasu masu bincike sun gwada haka: aka sa masu sha da waɗanda ba sa sha su daina goge haƙori na wasu makonni, dauɗa ta taru daidai wa daida a bakunansu, amma dasashin masu shan taba bai yi ja ba, bai yi jini ba kamar na sauran. Ciwon yana nan, hanyoyin jinin ne suka kasa buɗewa su nuna shi. Naman yakan zama fari-fari, mai tauri, wanda idan ka kalle shi a madubi za ka ce lafiyarsa ƙalau.

Ka haɗa wannan da wasu abubuwa biyu. Zaizayar ƙashi a gefen dashe galibi ba ta zafi. Kuma dashe ba ya girgiɗa a hankali kamar haƙori. Haƙorin da ƙashinsa ya fara tafiya yakan soma motsi, mai shi ya ji a jikinsa cewa wani abu ya canja. Dashe kuwa, tunda a haɗe yake da ƙashi, zai iya rasa rabin abin da ke riƙe da shi ko fiye yana nan daram. Ranar da ya motsa, ya riga ya mutu. Saboda haka mai shan taba zai iya shafe shekaru ba jini, ba zafi, ba motsi, yana yaba aikin da aka yi masa, ƙashi kuwa yana tafiya milimita bayan milimita. Ma'aunin da Albrektsson da abokansa suka kafa a 1986 ya ce dashe mai lafiya bai kamata ya rasa fiye da milimita 0.2 na ƙashi a shekara ba bayan shekarar farko. Ido ba ya ganin irin wannan. Sai hoton ƙashi, shi ma sai an kwatanta shi da wanda aka ɗauka tun farko.

Wani binciken Suwidin na 1997, na Lindquist da Carlsson da Jemt, ya bi masu dashe a muƙamuƙin ƙasa har shekara goma. Masu shan taba sun fi rasa ƙashi a gefen dashensu, kuma waɗanda suka haɗa taba da rashin tsaftar baki su suka fi kowa. Wannan haɗin yana da ma'ana. An gano cewa bakteriyar da ke zaune a gefen dashen mai shan taba ta bambanta da ta wanda ba ya sha tun dashen yana lafiya: nau'o'in da ke son wuri mai ƙarancin oksijin, waɗanda aka sani da haddasa ciwon dasashi, sun fi yawa. Hayaƙi yana shirya musu masauki, yana kuma raunana masu gadi.

Duk da haka akwai wani abin da ya kamata a faɗa a fili, domin wanda ya bincika zai ci karo da shi. A 2017 ƙwararrun likitocin dasashi na Amurka da na Turai sun yi babban taro a Shikago inda suka sake tsara yadda ake rarraba cututtukan dasashi da na gefen dashe. A kan zaizayar ƙashin gefen dashe, sun ce hujja mai ƙarfi ta tabbata a kan abubuwa uku: tarihin ciwon dasashi mai cin ƙashi, rashin kawar da dauɗa, da rashin zuwa duba akai-akai. Game da taba da ciwon suga kuwa, suka ce bayanan da ke hannu ba su yanke hukunci ba. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin an wanke taba. A ganina wannan mummunar fahimta ce, kuma dalilai uku nake da su.

Na farko, a ma'anar da taron ya bayar, ba a cewa dashe yana da cutar sai an ga jini ko mugunya lokacin aunawa, tare da zurfin rami da zaizayar ƙashi. Idan taba tana danne jini, to wasu masu cutar za su faɗa layin masu lafiya a lissafi. Na biyu, dashen da ya faɗi a watannin farko ba ya nan balle a ƙirga shi bayan shekara biyar, kuma mun ga cewa masu shan taba ne suka fi rasa nasu da wuri. Waɗanda suka rage su ne masu ƙarfin. Na uku ya fi su nauyi: tarihin ciwon dasashi, wanda aka yarda shi ne babban haɗari, shi kansa taba na cikin manyan masu haddasa shi. Scott Tomar da Samira Asma sun yi nazarin bayanan lafiyar Amurkawa suka wallafa a 2000 cewa mai shan taba ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau huɗu wajen kamuwa da ciwon dasashi mai cin ƙashi, kuma kusan rabin masu ciwon a ƙasar ana iya danganta nasu da taba. Taron na Shikago da kansa ya sa taba cikin ma'aunin tsananin ciwon dasashi: mai shan ƙasa da kara 10 a rana yana matsakaicin mataki, mai shan 10 ko fiye yana matakin da ya fi saurin ɓarna. Idan mai lissafi ya ware tasirin ciwon dasashi gefe sannan ya tambayi me ya rage wa taba, ya riga ya cire babban rabonta ya rubuta shi da wani suna. Sau da yawa taba ce ta fitar da haƙorin tun asali, kuma cikin wannan ƙashi da wannan dasashi za a kafa wanda zai maye gurbinsa.

Akan ji masu cewa dashen zamani ya magance matsalar. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sukurun farko masu santsi ne, na yanzu kuwa ana kaushe fuskarsu domin ƙashi ya fi saurin kamawa, kuma wasu bincike sun ga giɓin faɗuwar farko tsakanin masu sha da waɗanda ba sa sha ya ragu da irin wannan fuska. Amma kaushin da ƙashi ke so, bakteriya ma suna sonsa. Da zarar ƙashi ya ja baya zaren sukurun ya fito fili, tsaftace shi yana da matuƙar wuya. Kankara da wanki ba tare da tiyata ba ba su cika tsayar da cutar ba idan ta yi zurfi. Sai an buɗe dasashi, a goge ƙarfen, wani lokaci a yi ƙoƙarin cike ramin da sabon ƙashi. Wannan tiyatar ma jini take buƙata ta warke, don haka a bakin mai shan taba sakamakonta ya fi rauni. Idan ta ƙi, a cire dashen, a bar rami mafi girma fiye da wanda aka fara da shi.

To me daina sha ke iya gyarawa, kuma cikin wane lokaci? Jiki ba ya farfaɗowa gaba ɗaya a rana ɗaya, kowane ɓangare da saurinsa. Kabon monoksaid yakan fita daga jini cikin kamar kwana ɗaya. Nikotin yana raguwa da rabi cikin kusan awa biyu. Garkuwar jiki da ƙarfin warkar da rauni kuwa makonni suke ɗauka. A 1996 Bain ya gwada wani tsari: a daina sha mako ɗaya kafin tiyata, a ci gaba da ƙauracewa har mako takwas bayanta. Waɗanda suka bi tsarin, faɗuwar dashensu ta kusanci ta waɗanda ba sa sha. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, amma tsarin ya yi daidai da abin da aka sani game da makonnin da dashe ya fi rauni. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, a wani rahoto kan tiyata gaba ɗaya, ta ce wanda ya daina mako huɗu ko fiye kafin a yi masa aiki ya fi samun sauƙin warkewa da ƙarancin matsala. Idan da ni za a tambaya, mako huɗu zan zaɓa a kan mako ɗaya, domin dashe ba aikin gaggawa ba ne, ana iya sa masa rana.

Sai dai tsarin makonni tara ɓarnar farko kaɗai yake karewa. Wanda ya jure har dashen ya kama sannan ya koma wa kwalinsa ya tsallake rami ɗaya ya nufi na biyu. A binciken Tomar da Asma, haɗarin ciwon dasashi ya ci gaba da sauka shekara bayan shekara ga waɗanda suka daina, bai kusanci na wanda bai taɓa sha ba sai bayan shekara 11. Abin yana da tsawo, amma saukar tana farawa tun daga farko. Rage yawan kara ma yana da ɗan amfani, tunda haɗarin yana hawa da yawan abin da ake sha, sai dai babu wani adadi da aka tabbatar ba ya cutarwa.

Akwai abin da ya kamata a gaya wa duk wanda ya daina, kuma ba kasafai ake gaya masa ba: bayan wasu makonni dasashinsa zai iya fara jini fiye da da. Mutum sai ya tsorata, ya ce ina shan taba bakina lafiya, na daina ga jini. Hanyoyin jinin ne suka farfaɗo suka fara nuna kumburin da ke nan tun da. Lokacin zuwa a wanke haƙora ne da ƙara kula da buroshi, kuma jinin yakan lafa idan dauɗar ta tafi.

Masu komawa shisha da tunanin ruwa yana tace hayaƙin ba su tsira ba. Gawayin da ke kanta yana ƙara kabon monoksaid, zama ɗaya kuma yakan daɗe fiye da shan kara ɗaya nesa ba kusa ba, kuma binciken da aka yi ya ga zaizayar ƙashi a gefen dashen masu shan ta kwatankwacin na masu sigari. Sigarin lantarki ba ya ƙona ganye, don haka babu kabon monoksaid irin na sigari, amma nikotin yana nan, wani lokaci da yawa. Tabar da ake taunawa ko cusawa a leɓe tana sa dasashi ya janye daidai inda ake ajiye ta. Game da cingam da filastar nikotin da ake bayarwa don taimakon masu dainawa, wasu sukan ƙi su saboda sun ji nikotin yana tsuke hanyoyin jini. Gwajin da aka yi kan ɓeraye a Barazil ya nuna cewa hayaƙin gaba ɗaya ya fi nikotin shi kaɗai ɓata ƙashin gefen titaniyam, kuma ƙashin ya farfaɗo bayan an daina shaƙa musu hayaƙin. Wanda filasta za ta raba da sigari ya ci riba, ko da nikotin bai bar jininsa ba tukuna. Akwai kuma magungunan sha marasa nikotin da likita kan rubuta.

Nauyin ba na mai shan taba kaɗai ba ne. Likitan da ya karɓi amsar "ina ɗan sha" bai ƙara tambaya ba, ko ya ɗaura dashe a bakin da ciwon dasashi ke ci bai fara magance shi ba, ya gaza a aikinsa. Haka wanda ya tsaya ga faɗa da tsoratarwa, domin jarabar nikotin ba ta jin faɗa, kuma mutumin da aka kunyata ɓoyewa zai yi. Ga wanda yake sha ko bai daɗe da dainawa ba, abin da ya dace shi ne a ɗauki hoton ƙashi a ranar da aka ɗora kan haƙorin, a rubuta zurfin dasashin kewayen dashen, a ajiye su a matsayin ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi. A ƙera kan haƙorin yadda ƙaramin buroshin tsakanin haƙora zai iya shiga ƙarƙashinsa. A matso da ranakun dubawa zuwa kowane wata uku ko huɗu maimakon shida ko shekara. A kowane zuwa kuma a zura ma'auni a kwatanta da lambobin farko, ko da dasashin ya yi kyau a ido kuma bai zubar da ɗigon jini ba.